Hankali Ke Gani: Yadda Manyan Ƴan Wasa Ke Horar Da Zukatansu Kafin Su Shiga Fili

Duk wanda ya kalli wasan Ghana da Uruguay a daren Juma'a, 2 ga watan Yulin 2010, ko a gidan kallo ko ta rediyo a bakin rumfarsa, da wuya ya manta da abin da ya faru a Johannesburg. Ana kunnen doki 1 da 1 a daƙiƙar ƙarshe ta ƙarin lokaci, sai Luis Suarez ya sa hannu ya tare ƙwallon da ke shirin shiga raga. Alƙalin wasa ya kore shi, ya ba Ghana fanareti. Asamoah Gyan, wanda ya riga ya ci fanareti biyu a wannan gasa, ɗaya a ragar Sabiya ɗaya a ta Ostareliya, ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta yi waje. Bayan ƴan mintoci da aka zo bugun raba gardama, shi ne ya fara bugawa Ghana, kuma ya zura ta ba wata tangarɗa. Ƙafar dai ita ce, tazarar kuma mita 11 ce a duka biyun, amma Afirka ta rasa damar kai wa wasan kusa da na ƙarshe a karon farko.

Irin wannan lamari ne ya sa masu horar da ƴan wasa a ƙasashen duniya suka fara tambayar kansu: idan ana horar da ƙafa da hannu da huhu kullum, me ya hana a horar da hankali shi ma? Amsar da da yawa daga cikinsu suka samu ita ce wani horo na tattara hankali, wanda a cikinsa ake koya wa mutum ya tsayar da tunaninsa a kan abin da ke gabansa yanzu, ya bar na jiya da na gobe.

Daga asibiti zuwa filin wasa

Wannan horo bai faro daga filin wasa ba. A shekarar 1979 ne wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts, domin taimaka wa marasa lafiyar da ciwo mai naci da damuwa suka addaba. Ya ɗauko dabarar ne daga irin zaman natsuwar da mabiya addinin Buddha ke yi a Asiya, sai ya cire ɓangaren bauta, ya bar lura da numfashi da jiki kawai. Ya tsara darasin na mako 8, inda kowane mai koyo ke yin kusan minti 45 kullum a gida. Kafin wasannin Olamfik na 1984, ya koyar da ƴan tseren kwale-kwale na Amurka wannan dabara.

Sai dai wanda ya sa duniyar wasanni ta san da ita shi ne Phil Jackson, mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Chicago Bulls. A 1993, bayan Michael Jordan ya ajiye wasa karo na farko, Jackson ya gayyato George Mumford, mutumin da ya yi fama da shan miyagun ƙwayoyi ya rabu da su, ya kuma yi aiki tare da Kabat-Zinn. Aikinsa shi ne ya zaunar da waɗannan ƙarti su yi shiru su bi numfashinsu. Wani lokaci Jackson kan sa su yi atisaye babu mai cewa uffan, wani lokaci ma a kashe fitilu. Da Jordan ya dawo, ƙungiyar ta ci wasa 72 cikin 82 a kakar 1995 zuwa 1996, ta kuma ɗauki kofi sau uku a jere daga 1996 zuwa 1998. Jackson ya tafi da Mumford Los Angeles Lakers, inda ya yi aiki da Kobe Bryant, kuma ya ajiye aikin horarwa yana da kofi 11.

Haka nan Novak Djokovic na ƙasar Sabiya, gwarzon tanis da ya kai manyan kofuna 24 a 2023, ya bayyana a littafin da ya wallafa a 2013 cewa yana ware kusan minti 15 kullum domin wannan horo. A wasan ƙarshe na Wimbledon a 2019, sau biyu Roger Federer yana neman maki ɗaya tak ya lashe kofin, ga ƴan kallo mafi yawa suna bayansa, amma Djokovic ya farfaɗo ya yi nasara bayan kusan awa biyar ana fafatawa.

Me ke faruwa a cikin kai?

Wani bincike da masana biyu na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2010, bayan sun bibiyi mutum 2,250 ta wayar hannu, ya nuna cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin da mutum yake farke, tunaninsa na wani wuri daban da abin da yake yi. A zaman gida wannan ba wani abu ba ne, amma ga mai tsaron raga ko mai bugun fanareti, daƙiƙa ɗaya ta isa ta ɓata aikin shekara huɗu.

Masana sun ce tsoro kan lalata wasa ta hanya biyu. Ta farko, tunanin abin da mutane za su ce yakan cika kai har ya zama babu sauran wurin lura da ƙwallo. Ta biyu kuwa, ɗan wasa yakan fara sa ido a kan motsin da jikinsa ya daɗe da iyawa, yana lissafin yadda zai ajiye ƙafa, sai ya rikice kamar ɗan koyo. Wani masani ɗan Norway mai suna Geir Jordet, wanda ya nazarci bugun fanareti na manyan gasanni, ya gano cewa masu yin wuf su buga da zarar an busa usur, domin su rabu da fargaba, sun fi zubar da ƙwallo a kan masu ɗan tsayawa. Bahaushe dama ya ce sauri ya haifi nawa.

Fushi ma haka yake. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya a Berlin a 2006, maganar da Marco Materazzi na Italiya ya faɗa ce ta sa Zinedine Zidane ya tunkuye shi a ƙirji a minti na 110. Aka kore shi a wasansa na ƙarshe, Faransa kuma ta sha kashi 5 da 3 a bugun fanareti.

Horon tattara hankali ba ya kawar da tsoro ko fushi. Abin da yake koya wa mutum shi ne ya gane da wuri cewa zuciyarsa ta fara tafasa ko tunaninsa ya gudu, ya bar abin ya wuce ba tare da ya bi shi ba, ya dawo kan aikinsa.

Ba laya ba ce

A nan ya kamata a yi hattara da masu zuzuta abu. A wani nazari da aka wallafa a 2017, masu bincike a Jami'ar Miami sun gwada wannan horo na mako 4 a kan ɗalibai kusan 100 masu buga ƙwallon Amurka, a lokacin da atisaye ya fi tsanani. Abin da suka gani shi ne gajiya ta rage wa ƴan wasan ƙarfin lura, amma waɗanda suka fi dagewa da yin horon su ne hankalinsu ya fi tsayawa. Sauran nazarce-nazarce sun nuna amfaninsa ya fi fitowa fili wajen rage fargaba, da kuma wasannin saiti kamar harbi. Ma'ana, wanda ya yi sau ɗaya ya bari bai samu komai ba, kuma horon bai taɓa mayar da rago gwani ba. Jackson yana da Mumford, amma yana da Jordan da Scottie Pippen.

Yadda ake yi

Ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki. Mutum zai zauna a miƙe na minti 10 zuwa 15, ya kashe waya, ya lura da iskar da ke shiga da fita ta hancinsa. Ba za a daɗe ba tunani zai sulale zuwa bashi ko kayan da suka maƙale a hanya. Da ya farga, sai ya dawo da shi kan numfashi ba tare da ya zargi kansa ba. Wannan dawowar ita ce horon, kamar yadda ɗaga ƙarfe da saukewa ke gina damtse.

Ɗan kasuwa ma ya san irin wannan matsi ko da bai taɓa shiga fili ba. Ranar kasuwa a Jibiya ko Birnin Ƙonni, kana ƙirga kuɗi kana juya lissafi daga naira zuwa sefa, waya na ƙara, mai mota na jira, ga mai saye ya yi maka tayin wulaƙanci. A irin wannan lokaci ne ake ba da canji fiye da ƙima, ko a faɗi maganar da za ta kori abokin ciniki na shekara goma. Jan numfashi sau uku kafin a buɗe baki ko a miƙa kuɗi ba zai hana ciniki ba. Magabata sun riga sun faɗa: hankali ke gani, ido gululu ne.