Katartizo: Gyaran Taru da Gyaran Ɗan'uwa

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yelwan Yauri ko Wara da hantsi ya san abin da masunta ke yi in sun dawo daga su. Sukan shimfiɗa taru, su bi shi ido-ido, su ɗinke inda ya yage. Tun da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya shanye itatuwa da yawa, kututturansu kuwa ba sa barin taru lafiya. Duk da haka ba za ka ga masunci ya yar da tarunsa don ya yage ba, gama da shi yake ci da iyalinsa.

Irin wannan aiki Yesu ya tarar Yakubu da Yahaya suna yi a cikin jirgi sa'ad da ya kira su (Markus 1:19, Matiyu 4:21). Kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita a nan ita ce katartizo.

Ma'anar kalmar

Katartizo aikatau ce, ta fito sau 13 a Sabon Alkawari. Tushenta ɗaya da artios, wato abin da ya cika, ya kuma dace da aikinsa (2 Timoti 3:17). Ainihin ma'anarta shi ne a sa abu cikin halin da zai iya yin aikin da aka yi shi dominsa.

Tun kafin zamanin manzanni Helenawa suna amfani da ita. Hirudotus, marubucin tarihi na ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, ya yi amfani da ita ga mutanen tsibirin Faros da suka sasanta ɓangarorin da ke rigima a birnin Militas. Likitocin Helenawa kuma sukan kira mayar da gaɓar da ta goce da sunan katartismos, abin da ya yi kusa da aikin maɗori a wurinmu.

Sai dai a yi hattara, kada mu kwashi dukan ma'anonin nan mu jibga wa kowace aya. A Ibraniyawa 11:3 kalmar tana magana a kan yadda Allah ya tsara duniya da maganarsa, ba wani abu da ya karye a wurin. A Luka 6:40 tana nufin almajirin da ya gama samun koyarwa. A 1 Korantiyawa 1:10 kuwa Bulus yana roƙon ikilisiyar da ta rarrabu ta sāke haɗuwa. Mahallin aya ne ke nuna ko gyara ake nufi, ko shiryawa, ko sasantawa.

Ɗan'uwan da ya faɗi

A Galatiyawa 6:1 Bulus ya ɗauki kalmar ya ɗora ta a kan mai bi da aka kama da laifi. A lura da abu uku. Na ɗaya, umarni ne, ba shawara ba. Na biyu, jam'i ne: aikin dukan masu tafiya cikin Ruhu ne, ba na fasto kaɗai ba. Na uku, sigar aikatau ɗin tana nuna aikin da ke ci gaba, ba na yini ɗaya ba. Ya kuma ce a yi shi da tawali'u, mai gyaran yana lura da kansa, gama shi ma ana iya jarabtarsa.

A nan ne muke yawan kasawa. A farkon hidimata, a wata ƙaramar ikilisiya a bakin tafki, mun sa wani magidanci a horo saboda shan giya. Muka sanar a gaban jama'a, muka mai da shi bencin baya. Wata shida ba wanda ya taka ƙofar gidansa, har da ni. Ran da na je, sai matarsa ta ce, “Fasto, ai ya daina zuwa tun kafin girbi.” Mun iya nuna inda tarun ya yage, amma ba wanda ya ɗauki zare.

Ba ana cewa a daina horo ba ne. Bulus da kansa ya umarci Korantiyawa su fitar da mai fasikanci daga cikinsu (1 Korantiyawa 5). Amma shi ne kuma ya ce a gafarta wa wanda aka hukunta, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Horon da ba shi da shirin komowa kora ce kawai.

Aikin mai hidima

A Afisawa 4:12 sunan katartismos ya fito, sau ɗaya tak a Sabon Alkawari. An ba da makiyaya da masu koyarwa domin su shirya tsarkaka, tsarkakan kuma su yi aikin hidima. Faston da ke kula da ƙauyuka huɗu ko biyar a ƙasar Shanga ko Ngaski, wasu ma sai da kwale-kwale, ba zai iya bin kowa shi kaɗai ba. Dole ya koya wa dattawa da shugabannin zumuntar mata wannan gyara.

Saboda haka, ɗan'uwa mai hidima, kafin majalisar dattawa ta sa wani a horo, a amsa tambayoyi uku a rubuce: wa zai riƙa ziyartarsa, yaushe za a sāke duba maganarsa, wane aiki kuma zai koma yi in ya tuba? In ƙarfinka ya kāsa, ka tuna da 1 Bitrus 5:10. Bitrus masunci ne, ya kuma taɓa yin mūsun sanin Ubangijinsa har sau uku. Shi ne ya rubuta da wannan kalma cewa Allah da kansa zai gyara mu.