3.2 Kathe Kollwitz da Hoton Yaƙi Ta Fuskar Iyaye Mata

A wannan sashe za a dubi yadda Kathe Kollwitz (1867-1945), mai zane da sassaƙa 'yar ƙasar Jamus, ta fito da hoton yaƙi a cikin ayyukanta. Abin da ya bambanta ta da akasarin masu zanen yaƙi shi ne, ba fagen daga take kai mai kallo ba. Gida take kai shi, wurin waɗanda aka bari da takaba da maraici.

Dalilin haka yana cikin tarihin rayuwarta. Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ɗanta Peter yana da shekara 18, don haka sai da yardar mahaifinsa zai shiga soja. Ita ce ta lallashi maigidanta har ya amince. A watan Oktoba na wannan shekara aka kashe yaron a ƙasar Beljiyam.

Tsakanin 1921 da 1922 ta samar da jerin hotuna bakwai waɗanda ta kira "Yaƙi". Takan sassaƙa surar a jikin allon katako, a shafa baƙar tawada, sannan a danna a kan takarda. Saboda haka babu wani launi sai baƙi da fari. Idan aka lura, duk cikin bakwai ɗin babu inda aka nuna ana gwabzawa. A hoton "Masu Sa Kai", mutuwa ce a gaba tana kaɗa ganga, samari suna biye da ita kamar waɗanda aka ɗauke wa hankali. A na "Iyaye Mata" kuwa, mata ne suka cure wuri guda sun rungume juna, 'ya'yansu suna leƙowa daga tsakaninsu. Wato jikin uwa ya zama garkuwa ke nan.

Bugu da ƙari, a 1932 ta kammala mutum-mutumi biyu na dutse, uwa da uba a durƙushe, masu kama da ita da maigidanta. Suna maƙabartar sojojin Jamus ta Vladslo a Beljiyam, kusa da kabarin ɗan nasu. Wannan gargaɗi nata bai hana komai ba, domin a 1942 jikanta, shi ma Peter, ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa Kollwitz ta auna yaƙi ne da asarar da iyaye suka yi, kuma ta sa kanta cikin waɗanda suka miƙa 'ya'yansu da hannunsu.