Daga Nguru Zuwa Sussex: Yadda Ake Auna Tasirin Mai Binciken Ƙwaƙwalwa

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Dawakin Tofa, idan dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya ɓata a hanyar gonar da ya shekara hamsin yana nomawa, sai a ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Sau da yawa kuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda aka fi sani da Alzheimer. Cikin 'yan Arewa da suka duƙufa a kanta akwai Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin Nguru a jihar Yobe.

Wane bincike yake yi?

Maina ya karanci ilimin tsarin jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex da ke Ingila. Bincikensa ya shafi wani furotin mai suna Tau. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa, Tau yana tallafe ƙwayoyin jijiya daga ciki. A ƙwaƙwalwar mai Alzheimer kuwa yakan canza siffa ya cuɗe, ƙwayoyin su riƙa mutuwa.

Lambobin da waya ke nunawa

Duk mai wayar hannu zai iya buɗe Google Scholar, wanda aka ƙaddamar a 2004, ya rubuta sunan mai bincike. Zai ga maƙalunsa da adadin lokutan da wasu masana suka kafa hujja da su. Akwai kuma ma'aunin h-index, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Idan an ce na wani 20 ne, yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20.

Sai dai lambobin ba sa bayyana wahalar da aka sha kafin a same su. A 2021, Maina da abokan aikinsa suka wallafa nazari a mujallar Nature Communications, inda suka bibiyi maƙalu sama da 5,000 na binciken ƙwaƙwalwa daga Afirka tsakanin 1996 da 2017. Masar da Afirka ta Kudu ne ke gaba, Najeriya na biye. Sun kuma gano cewa kaɗan ne daga cikin binciken ke amfani da na'urorin zamani, saboda tsada.

Inda fasaha ta shigo

Ƙungiyar TReND in Africa, wadda Maina ke aiki da ita, ta nemi mafita ta hanyar koya wa masana haɗa kayan aikinsu da hannunsu. A 2017 wasu masananta suka fitar da FlyPi, madubin ƙara girma da ake haɗawa da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, kyamara, da sassan da na'urar buga abubuwa ta 3D ke fitarwa, kan kimanin Yuro 100. Tsarin haɗa shi yana intanet kyauta, kuma matashin da ya iya gyaran waya a Farm Centre ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba.

Tasirin da ba ya cikin lamba

A 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancin Maina. Ɗaliban da a da sai sun fita ƙasar waje kafin su taɓa irin waɗannan na'urori, yanzu suna samun horo a gida. Wannan na da muhimmanci domin yawancin abin da aka sani kan Alzheimer daga jikin Turawa aka samo shi, alhali ƙwayoyin halittar 'yan Afirka sun fi na kowa bambanci. Maganin da zai amfani dattijon Dambatta yana buƙatar binciken da aka yi a kan mutane irinsa.