Laimar Kwaɗi A Bayan Ɗaki

Maigida da uwargida, wannan magana taku ce.

In damina ta kankama a ƙasar Gumel, watau daga Yuli zuwa Satumba, za ku ga laimar kwaɗi ta tsiro dare ɗaya a lambun bayan ɗaki, ko kan juji, ko kusa da turken dabbobi, ko jikin ruɓaɓɓen kututture. Waɗansu suna kiranta naman kaza. Ba mai shuka ta. Irinta ƙura ce mai laushi wadda iska ke watsawa, in ta sami danshi da taki sai ta fito.

Yadda za ku gane mai dafi

Akwai wadda ake ci, kamar mai doguwar saiwa da ke fitowa a gidan gara. Akwai kuma mai dafi, suna kama da juna ƙwarai. Wadda ta fi yawan cutar mutane a lambuna na ƙasashe masu zafi fara ce babba, hularta na da ɓawo-ɓawo a sama, da zobe a ƙafarta. Ƙarƙashin hular fari ne tana ƙarama, in ta girma ya koma kore-kore. Ku cire hular, ku kife ta kan farar takarda ta kwana. In ƙurar da ta zuba kore ce, to, mai dafi ce. Amma ku lura, in ƙurar ta fito fara, ba shi ne ya nuna ta ci ba ce, gama waɗanda suka fi kisa farar ƙura gare su.

Kada a ruɗe ku

Ana cewa wadda akuya ko tsutsa ta ci ba ta da dafi. Ba gaskiya ba ne. Ana cewa dahuwa ko shanyawa na kashe dafin. Wannan ma ba haka ba ne. Ba wani gwaji na gida da zai tabbatar muku. Saboda haka wadda ta tsiro da kanta a gidanku, kada ta shiga tukunya.

Yara su ne abin ji

Yaro mai rarrafe kome ya gani sai baki. Da sassafe, kafin yara su fito wasa, uwargida ta zaga gida. Wadda ta gani ta tumɓuke ta har gindi, ta binne da zurfi, sa'an nan ta wanke hannu da sabulu. A kwashe juji daga inda yara ke zama.

In wani ya ci

Mai koren ƙura takan kawo amai da zawo da murɗawar ciki bayan sa'a 1 zuwa 3. Mai kisa kuwa ba ta nuna kanta sai bayan sa'a 6 ko fiye. Mutum ya yi amai da zawo, sa'an nan ya ji sauƙi kwana guda, a ce ya warke, alhali dafin yana cin hantarsa. Sai idanu su yi ɗorawa, abu ya lalace.

To, ga abin yi:

1. Ku kai shi asibiti mafi kusa nan da nan, ko da bai fara ciwo ba. Ko kuna Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, in an ce ku wuce Babban Asibitin Gumel, ku wuce, kada ku jira gari ya waye.

2. Ku tafi da ragowar laimar a naɗe cikin takarda, ba cikin leda ba, don likita ya gani. Ku gaya masa lokacin da aka ci.

3. Kada ku ɗura masa manja ko nono ko jiƙo, kada kuma ku sa masa yatsa a wuya. In yana zawo, ku riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.

4. Duk wanda ya sa hannu a wannan kwano a tafi da shi.

Ku karanta wa maƙwabtanku wannan takarda. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu.