Saɓanin En'e ta Kano da Gwamnatin Kaduna

Tun daga 1903, da Turawa suka ci Kano, aka bar wa Sarki sha'anin ƙasarsa yana gudanarwa, Razdan yana ba shi shawara. Wannan hukuma ita ake kira En'e. Tana da baitulmalinta da Ma'ajinta, da alƙalanta, da 'yan dokanta, da gidan yarinta. Harajin da dagaci ya tara a ƙauye, kamar a ce Madadi ta wajen Gwarzo da Kabo, hannun hakimi yakan zo, malamin hakimi ya shigar a littafi, ya yanka rasit, sa'an nan a kai birni. Haka jangali. Da yake ƙasar Kano ta fi kowace a Arewa yawan jama'a da albarkar gyaɗa, En'enta ta kasance babu ta biyunta wajen ƙarfi da dukiya.

Da zamanin siyasa ya zo, al'amura suka sake. Dokar En'e ta 1954 ta tabbatar cewa Sarki ba zai zartar da magana ba sai ya shawarci majalisarsa. A cikin 1959 kuma Jihar Arewa ta sami mulkin kai, iko ya koma hannun Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da ministocinsa. To, a nan ne ƙullin yake. Yawancin ministocin nan da ma ma'aikatan En'e ne, watau wanda jiya yake faɗuwa gaisuwa a gaban Sarki, yau shi ne mai duba kasafin Sarki. Ba kowace fada ke iya haɗiye wannan ba, balle ta Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, mutum mai kwarjini, wanda shi ma jigo ne a jam'iyyar NPC, kuma babba a cikin Tijaniyya. A 1962 aka yi dokar naɗa kwamishinonin lardi, 'yan siyasa, aka ɗora su bisa larduna, Kano ta ga igiya tana ƙara matsewa.

Kanawa kuwa ba su manta da basasar 1893 ba, sa'ad da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka ƙi. Saboda haka duk umurnin da ya fito daga Kaduna ta hannun Basakkwace, da wannan ido wasu ke dubansa.

Abin da ya fasa ƙurjin kuɗi ne. A cikin 1962 baitulmalin Kano ya shiga matsi, Gwamnati ta naɗa wani Bature, Mista D. J. M. Muffett, ya bincika. Ya bi littattafai, ya ji shaidu. Nan ne aikin malaman hakimai ya bayyana, gama abin da aka karɓa ba rasit, ko aka kashe ba izini, ba wanda zai iya tsaya masa, kome girman wanda ya yi umurni. A watan Maris 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Aka naɗa Muhammadu Inuwa, bai cika shekara ba Allah ya yi masa rasuwa, sa'an nan aka naɗa Alhaji Ado Bayero a watan Oktoba na shekaran nan.

Hujjar Gwamnati ita ce kuɗin talakawa amana ne, tilas a san inda suka shiga, kuma wannan magana ce da ba ta da makawa. Amma da yawa a birni suka ɗauka an yi ne don a karya Kano, suna cewa arzikin gyaɗarsu ke gina Kaduna. Magoya bayan Sanusi suka kafa jam'iyyar KPP, kiran a ba Kano jiharta ya yi ƙarfi. Hakimai kuwa suka sami kansu tsakanin biyu: Sarki ne ya naɗa musu rawani, amma Kaduna ke da ikon tuɓewa idan ta so.

Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Kano ta sami tata, Audu Bako ya zama Gwamna. Sai dai ikon da ya dawo daga Kaduna gidan Gwamna ya sauka. A cikin 'yan shekarun da suka biyo aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya kafa ƙananan hukumomi a madadinta.