FAƊIN TAYA DA NAUYIN KAYA: JAN HANKALI GA MASU A-KORI-KURA

Tun shekarar 1916 da aka keɓe unguwar Sabo ga Hausawa mazauna Ibadan, harkar goro da ta shanu ke riƙe da mutanen wannan wuri. Da jirgin ƙasa ne babban abin sufuri. Daga baya motoci suka karɓi aikin, kuma a cikinsu ba a raina a-kori-kura, wadda ke kwaso huhunan goro daga ƙauyukan ƙasar Yarbawa zuwa Sabo, wani lokaci ma ta miƙa ta Oyo da Ogbomosho da Ilori har ta ƙetare Kwara a Jebba.

Ana jawo hankalin jama'a ga wata al'ada da ke shiga tsakanin matasan direbobi, watau zare wasu ganyayen sifirin don motar ta yi ƙasa, sa'an nan a ɗaura mata wili mai faɗi da taya marar tsawon gefe. Ado ne, ba shakka. Amma wajibi ne mai mota ya san abin da ya sayar kafin ya sayi wannan ado.

ABIN DA KE RUBUCE A JIKIN TAYA

Kowace taya tana ɗauke da bayanin kanta a gefenta. Idan aka ga 225/45 R17 91, ma'anarsa ita ce faɗin tayar milimita 225 ne, tsawon gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wilin da za ta hau kuma inci 17. Lambar ƙarshe ita ce mafi muhimmanci ga mai ɗaukar kaya, domin ita ke nuna iyakar nauyin da tayar za ta jure. Lamba 91 tana nufin kilo 615.

Tayar da aka saba sa wa ƙananan motocin kaya, kamar 195 R14C mai lamba 106, tana ɗaukar kilo 950. Harafin C alama ce ta cewa don aikin kaya aka yi ta. Ke nan tayoyin baya guda biyu na asali suna jure kilo 1,900, alhali kuwa masu faɗin nan ba su wuce kilo 1,230 ba. Mai mota ya yi asarar kilo 670 ke nan, ga shi kuwa lodin da ya saba yi bai rage ba. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta takan yi zafi a doguwar tafiya, zafin nan kuwa shi ke kai ta ga fashewa.

ILLAR DUƘAR DA MOTA

Tazarar da ke tsakanin taya da madigadi ba a banza aka bar ta ba. Ita ce filin da sifirin ke motsi a ciki idan mota ta faɗa rami ko aka yi mata lodi. In aka rage ta, sa'an nan aka ƙara faɗin taya, da zarar an jibga huhuna sai bakin ƙarfen madigadi ya riƙa gugar tayar, yana yankan ta kaɗan-kaɗan ba tare da direba ya sani ba. A gaba kuma tayar takan taɓa jikin mota idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe.

Bugu da ƙari, wilin da ya turo waje yakan ɗora wa boris da notuna nauyin da ba a yi su dominsa ba, sai su mutu da wuri. Taya marar tsawon gefe ba ta da isasshiyar iskar da za ta shanye dukan rami, saboda haka wili kan lanƙwashe ko gefen taya ya kumbura. Ibadan gari ne mai tuddai da ruwan sama mai yawa, taya mai faɗi kuwa ta fi saurin tashi bisa ruwan da ya kwanta a kan kwalta, musamman idan zanenta ya suɗe.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin motar, a bi girman taya da awon iskar da masu ƙera ta suka rubuta.

Na biyu, wanda ya nace sai ya canja, kada ya sayi tayar da lambar nauyinta ta gaza ta asali, kuma kada tsayin tayar gaba ɗaya ya bambanta da na da, don kada agogon gudu ya riƙa yi masa ƙarya.

Na uku, bayan ɗaurawa a yi wa motar cikakken lodi a gaban bakanike, a murɗa sitiyari hagu da dama, a tabbata babu inda taya ke taɓawa.

Na huɗu, a duba shekarun taya. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ke nuna wannan: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Zanen da zurfinsa ya gaza milimita 1.6 kuwa ya gama aiki.

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna duba tayoyi a kan hanya. Amma dubawar da ta fi amfani ita ce wadda mai mota zai yi a tasha kafin a ɗaure kaya. Ana roƙon shugabannin direbobi da fatake masu ba da lodi su riƙa tambayar lambar taya kamar yadda suke tambayar kuɗin mota, domin dukiyarsu da rayukan yaransu a kan tayoyin nan huɗu suke tafiya.