Zomo, Maiƙo da Jini

Duk mai kiwon zomo a Ƙofa ko Tudun Wada ya san cimarsa: harawa, dusa, ɗanyar ciyawa. Ba ruwansa da kitse. Shi ya sa likitoci suka mayar da shi abin gwaji, domin maiƙo kaɗan ma nan da nan yake nunawa a jikinsa.

A 1913, wani likita ɗan Rasha, Nikolai Anichkov, ya narka kolestarol, wani nau'in maiƙo, a cikin man girki ya riƙa ɗura wa zomaye. Da aka feɗe su, sai ga babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta yi dabbare-dabbare da tabon kitse, irin wanda ake samu a jikin mutanen da ciwon zuciya ya kashe. Likitocin zamaninsa suka ce ai zomo ba mutum ba ne, ga shi kare da ɓera ba sa yin haka. Suna da 'yar gaskiyarsu, amma daga baya duniya ta dawo kan maganarsa.

Idan aka ɗebi jinin irin wannan zomo aka tace, ruwan da ke tasowa sama fari yake fitowa saboda maiƙo. Hanta ta kumbura ta koɗe. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi rauni su riƙa fashewa, sai a samu dabbar da ta ƙoshi amma jininta ya yi ƙasa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga yawan maiƙo ba. Cikin shekarun 1980, Daniel Steinberg da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa iskar oksijin tana cin kitsen da ke yawo cikin jini, kamar yadda tsatsa ke cin garma. Jiki na da sinadaran da ke tare wannan lalacewa, amma idan maiƙo ya yi yawa sai a rinjaye su. Fararen ƙwayoyin jini su haɗiye lalataccen kitsen, su maƙale a bangon jijiya, hanya ta dinga tsukewa.

To, mu ba zomaye ba ne, kuma manomin Doguwa da ke yini yana huɗa ba ɗaya yake da mai zaman shago ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana mai ba, cewa ta yi kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuzarin da abinci ke bayarwa. Ni abin da ya fi damuna shi ne kaskon suya. A tsaya a Kwanar Ɗangora da yamma a duba man awara da ƙosai. Wani ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta kama sosai ba. Wannan man ya riga ya lalace tun a kasko, kafin ya shiga cikin kowa. Mai suyar ma ba mugunta take yi ba: mai ya yi tsada, sai ta ƙara sabo a kan na jiya, gobe kuma a kan na yau.